Shinkafar Goggo Lamduan a Bayan Ganuwa

A shekarar da zan ba da labarinta, Baffa Thongbai ne dagacin ƙauyenmu, Khung Tan, ni kuma ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantar da ke jikin haikali. Baffa ƙanen mahaifina ne, Goggo Lamduan kuma yayarsu ce su biyun. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, saboda haka musun da ya kamata a raba uku, su biyu suke yin abinsu, ni ina tsakiya.

Gab da faɗuwar damina aka tara mutane a rumfar haikali. Baffa ya haɗa tafin hannu ya gai da babban malamin haikalin, wanda duk muke kira Kaka, sannan ya juyo gare mu ya ce bana ma ƙofar ruwa za ta zauna a rufe har ambaliya ta wuce.

Ba wanda ya yi mamaki. Tun da aka zagaye gonakinmu da ganuwar ƙasa, kogi ya daina shigo mana. A da, ruwan da ya sauka a duwatsun arewa yakan gangaro ta kogin Chao Phraya da rassansa, ya tumbatsa, ya shafe filin nan namu iyakar ganin ido, ya zauna watanni. Shi ya sa kakanninmu suka ɗora gidajensu a kan dogayen ginshiƙai, kowa da kwalekwalensa a ƙarƙashi. Yanzu kuwa gajerar shinkafa ake nomawa sau biyu a shekara, mutane sun toshe ƙarƙashin gidajen da bulo, sun sa firji da talabijin a inda ake ɗaure kwalekwale. In ruwa ya shigo, sun shiga uku.

Goggo kaɗai ta rage da tsohon iri, wanda muke kira Mai-dogon-wuya. Ita wannan shinkafa a busasshiyar ƙasa ake watsa ta da ruwan farko. Idan ambaliya ta zo, kullum ruwa ya ƙaru sai ta ƙara tsawo, kanta yana sama, ko da zurfin zai shanye mutum biyu a tsaye. Amma in babu ruwan da zai tallafe ta, sai ta yi tsawon banza ta kife a ƙasa. Abin da ya faru bara ke nan. Goggo ta watsa a gonarta cikin ganuwa, ruwa bai zo ba, ɓeraye da tsuntsaye suka ɗebi rabonsu, abin da ta tsira da shi bai wuce tulu ɗaya ba. Na bi ƙauyukan da ke kewaye da mu a kan babur ina tambaya, ban samu mai ko cikin tafi ba. Irin shinkafa kuwa ba ya jiran mutum. In ya ƙara shekara a tulu cikin zafin nan namu, ya mutu. In bai yi bana ba, shi ke nan.

Goggo ba ta miƙe ba, don ba a tsayawa a kan Kaka yana zaune, amma ta ɗaga murya.

"Thongbai, in tambaye ka mana. Wace shinkafa ka ci ka ajiye wannan tumbin?"

Aka kwashe da dariya. Baffa ya ce, "Yaya, ba wasa ya tara mu ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Da kunun Mai-dogon-wuya Inna ta yaye ka. Yau ka samu rigar dagaci da wayar hannu, ka rufe mata ƙofa."

"Yaya, dubi mutanen nan, ga su zaune. In buɗe ruwa ya cinye amfanin kowa saboda tulunki guda? Ke ma kin san ba zan yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni da nake son Goggo na san gaskiya ce. Na zaci za ta yi shiru. Sai ta tofar da jan ruwan ganyen da take taunawa a ɗan gwangwaninta, ta goge baki.

"Ka ji na ce ka buɗe? Riƙe ƙofarka, ka ƙara mata kwaɗo. Tsohon Kogi zan shuka."

Tsohon Kogi wata babbar lanƙwasa ce a bayan ganuwa. Nan kogi yake bi a da, kafin sarakunan Ayutthaya, tsohon babban birninmu, su sa a yanka miƙaƙƙiyar hanya don jiragen fatake su rage tafiya. Kogi ya bi sabuwa ya bar tsohuwa. Da rani ciyawa ce kawai, da damina ita ke fara cika. Ba gonar kowa ba ce, ba kuma mai marmarinta, don tsofaffi suna cewa a tudun da ke gefenta mayaƙan Burma suka yi sansani shekarar da suka ƙone birnin.

Baffa ya ce, "Can ruwa ya daina hawa a hankali. Ganuwa ta matse shi, rana ɗaya zai rufe ta. Kuma ki ji da kyau, ba mai kai miki tarakta bayan ganuwa, ba kuma wanda zan ce ya je miki gayya."

"Sai ka ce na roƙe ka."

A hanyar gida na so in lallashe ta. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni.

"Samruai, me kike koya wa yaran nan a kan ruwa?"

Na ce ina gaya musu cewa idan abokan gaba sun kewaye tsohon birni, mutanenmu sukan rufe ƙofofi su jira ambaliya, ita ce take kora musu yaƙin.

"To kin ji. Ruwan da ya yi mana yaƙi, yau shi ne ɓarawo."

Hali na koyarwa bai bar ni ba, na ce, "Amma a karo na ƙarshe mayaƙan Burma ba su gudu ba, Goggo. Sun hau tudu, sun sassaƙa kwalekwale, sun zauna har ruwa ya janye."

"Ashe har baƙi sun iya zama da ruwa," in ji ta. "Ƙanena ne kawai bai iya ba."

Washegari ta ja ni haikali. Akwai wata tsohuwar ɓaunar noma a can, wadda wani attajiri ya fansa daga hannun mahauta don neman lada, ya kawo ta haikali tana ci tana kwanciya. Kaka yana share ganye a farfajiya. Muka durƙusa, Goggo ta faɗi abin da ya kawo ta.

Kaka ya ce, "Lamduan, wannan ai don ta huta aka fanshe ta."

"Ta huta har ta manta ita ɓauna ce, Kaka. Dubi wuyanta, ya fi na dagaci."

Kaka ya yi dariya har sai da ya jingina da tsintsiya. Ya ce ya yarda, amma da safe kawai za ta yi aiki, da rana a bar ta ta kwanta a taɓo, kuma tukunyar farko ta sabuwar shinkafa a ƙwaryarsa ta karɓar sadaka za a fara zubawa. Ya kwance igiyar, ya ajiye ta a ƙasa tunda ba ya miƙa wa mace abu hannu da hannu, Goggo ta sunkuya ta ɗauka.

Garmar katakon da mahaifin su Goggo ya bari tana nan a saman rumbu, muka sauko da ita. Ranakun da babu makaranta ni ke jan ɓaunar, Goggo tana riƙe da garma tana yi mana faɗa mu biyun. Ƙasar Tsohon Kogi baƙa ce, mai danƙo, kuma garmar ba ta tafiya mai nisa sai ta tono guntun jan bulo ko fasasshen kasko. Ni in na gani sai na tsaya in juya shi in duba. Goggo ta ɗauki wani ta ce, "Malama, wannan namu ne ko na Burma?"

Na ce da alama namu ne.

"To su ɗan matsa, jikarsu za ta yi shuka." Ta wurga shi gefe.

Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ta rataya kwando ta watsa tulun nan duka. Na ce ta rage ko kaɗan saboda ko ta kwana. Ta ce abin da ta rage ma mutuwa zai yi a tulu, gara ya mutu a ƙasa.

Shinkafa ta tsiro, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Sannan kogi ya zo. Kamar yadda Baffa ya faɗa, bai zo a hankali ba. Na fito daga aji wata rana na hau ganuwa, ban ga ko ganye ɗaya ba, sai jan ruwa shimfiɗe. Goggo tana zaune a gefen ganuwa, gwangwaninta a ajiye, ba ta ko tauna. Sawai, maƙwabcinta mai yawan tsokana, ya zo wucewa a babur ya rage gudu.

"Goggo, kifi kika koma kiwo?"

"Haƙoran ubanka nake nema," in ji ta ba ta ko waiwaya ba. "A nan ya zubar da su ranar da ya sha ya faɗo daga kwalekwale."

Sawai ya yi gaba yana dariya. Ni kuwa na zauna kusa da ita. Haka muka yi ta zuwa muna duba ruwa. Wata safiya sai ga wasu ƴan tsinkaye kore-kore sun huda saman ruwan, nan ɗaya, can ɗaya. Kafin mako ya zagayo, Tsohon Kogi ya koma kore daga baki har ƙarshe. Goggo ta kakkafa gora a bakin lanƙwasar don tare shara, ta koma tauna ganyenta.

Matsalar da ba mu hanga ba daga ƙofar ruwa ta fito. Wajen ƙarshen damina, lokacin da makaranta take hutu, kainuwa ta taru a bakin ƙofar, ta yi kauri har kare yana tafiya a kanta. Ta toshe inda injin jan ruwa yake zubar da ruwan saman da ya kwanta a gonakin cikin ganuwa. Abin da aka saba yi shi ne maza su shiga kwalekwale da adduna su yanka ta gunduwa-gunduwa, su tura da gora har ta hau igiyar ruwa ta tafi. Ita kuwa igiyar ruwan, daga ƙofa, bakin Tsohon Kogi take fara dukawa. A da ba wanda ya damu, tunda ba komai a ciki.

Baffa da kansa ya zo ya faɗa. Ina gidan Goggo ina daka mata ɗanyar gwanda da barkono, ya hawo tsani ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin ƙofa.

"Yaya, gobe da safe za mu saki kainuwa. Na zo ne kada ki ji a bakin wani."

"Ku ja ta kan ganuwa mana."

"Da hannu? Aikin kwana da kwanaki ne, cikin matsattsaku da macizai. Kafin a gama gonakin kwari sun sha ruwa. Wa zan ce ya yi wannan saboda shukar da na hana?"

"Ka san in ta hau kanta za ta danne ta kamar tabarma. Goran da na kafa ba za su riƙe ba."

"Na sani. Na gaya miki tun a rumfa." Sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya."

Ta ce, "Ka ci gwanda kafin ka tafi." Bai ci ba.

Da ya sauka, ta daɗe tana kallon turmin da ke gabana. Can ta ce, "Samruai, hau babur ki je kasuwa. Ɗanyar tsamiya, lemun tsami, rake, ayaba. In kin dawo ki kawo min madubinki da hodarki da mataji."

Nan take na gane. Idan shinkafa ta yi ciki, wato kan ya kumbura a cikin kara bai fito ba, matanmu sukan je gona su yi wa Uwar Shinkafa, wato kurwar da muke cewa tana cikin shukar, abin da ake yi wa mai juna biyu. A kai mata tsami saboda kwaɗayi, a shafa mata hoda, a taje ta, a canza mata zane. Kuma namiji ba ya zuwa kusa, ba ya ko kallon wajen, don Uwar mai kunya ce. In namiji ya gan ta ba zane, sai ta yi fushi ta bar gonakin garin, a girbe ƙaiƙayi. Tun da gajerar shinkafa da injin girbi suka zo, aka yi ta barin abin, har ya zama ƴanmatanmu ba su taɓa gani ba.

Na ce, "Goggo, ai ranar Juma'a ake yi. Gobe Laraba."

"Ke kika yi mata cikin da za ki sa mata rana?"

Da yamma ta bi gida-gida. Ba ta ce wa kowa ta taya ta faɗa da dagaci ba. Cewa kawai take, Uwa ta yi ciki a Tsohon Kogi, gobe da sassafe za a yi mata kwalliya, mai zuwa ta zo. Wannan gayyata ce da mace mai shekaru ba ta iya cewa a'a ido da ido. Gidan ƙarshe da ta shiga na Baffa ne, yana can wajen ƙofar ruwa. Matarsa Chalaem ta dafe ƙirji.

"Yaya, aurena kike so ki kashe?"

"Auren da girkinki bai kashe ba, ni ce zan kashe shi? Ki zo da zanen nan naki na siliki, mai ruwan ganye."

Gari na wayewa muka fito da tsofaffin kwalekwalen da suka rage a ƙauyen, wasu sai da aka toshe su da tsumma. Muka jera su a bakin Tsohon Kogi, daidai inda kainuwar za ta bi, kuma daidai inda duk wanda ke ƙofar ruwa zai hango mu. Goggo ta kafa doguwar gora a cikin shinkafar, ta ɗaura mata ƴar tuta da ɗan kwando, ta zuba tsamiya da lemun tsami da gutsattsarin rake. Mata biyu suka ware zanen Chalaem suka riƙe. Goggo ta jawo wani kara mai kumburi a hankali, ta shafa masa hoda, ta sa mataji tana taje ganyen tana magana ƙasa-ƙasa.

"Uwa, ga tsami, ki ci. Kin sha ruwa bana, kin yi ƙoƙari. Ki saki jiki, mu ne, ba kowa."

Ni da nake koya wa yara yadda tsiro yake girma daga littafi, sai ga ni ina tallafe mata karan. Wata tsohuwa a bayana tana share ido da gefen gyale.

Muna cikin haka muka ji maza sun iso ƙofar ruwa, adduna suna ƙara a cikin kwalekwale. Sawai ne a gaba. Ya ɗaga kai ya hango tuta da zane, sai ya yi wuf ya juya baya har ya kusa kifewa. Manyan cikinsu duk suka juya. Samarin suka tsaya suna raba ido, aka daka musu tsawa, su ma suka juya.

An jima sai ga kwalekwale guda ya nufo mu da baya-baya. Baffa ne, ya ba mu ƙeya, yana tuƙi a karkace kamar mai koyo. Ya tsaya daga nesa.

"Yaya!"

Goggo ta ce, "Chalaem, kamar muryar namiji nake ji. Ɗaga zanen nan."

"Yaya, yau Laraba!"

"Yau ta tashi da kwaɗayin. Ka taɓa yin ciki ne?"

Mata suka fashe da dariya. Ƙeyar Baffa ta yi ja.

"Chalaem, har da ke?"

"Ranka ya daɗe dagaci, gefen zane kawai aka ba ni riƙo."

"To yaushe za ku gama?"

Goggo ta dubi shinkafar da ta shimfiɗu har gindin tudu. "Yanzu muka fara taje gefe guda. Kai ma ka san yawan gashin, ko da yake ba ka gani."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ajiye filafili a cinya, ya ce, "Yaya, bar wasa. Ruwa ya kwanta a gonakin mutane, inji ba ya ja. Gonar Sawai tana ciki, tamu ma tana ciki. Matan da ke tare da ke, abincinsu ne. In na ce a sake ta yanzu fa?"

Dariya ta ɗauke. Na ga wasu matan sun sunkuyar da kai, don abin da ya faɗa haka yake. Goggo ta ci gaba da taje ganyen, ta amsa ba da ƙarfi ba.

"Sai ka saka. Ba ni da igiyar ɗaure ka. Amma a nan za ta same mu, ni da Uwa, ba zane a jikinta. Kuma ba a tura kainuwa da ƙeya, Thongbai. Sai ka juyo ka ga inda kake turawa."

Ruwa yana bugun gefen kwalekwale. Ina kallon bayan Baffa, rigarsa ta jiƙe da gumi, kuma na san in ya ɗaga hannu ya ce a saka, ba abin da za mu iya sai mu janye tsofaffin nan kafin ta iso.

Goggo ta ƙara da cewa, "Kunnen da Inna ta murɗe maka ranar da ka laɓe a bayan ayaba kana leƙe, ya daina ciwo?"

Hannunsa ya tashi ya taɓa kunnen, da alama bai ma sani ba.

Daga can wani saurayi ya ɗaga murya, "Dagaci, zancen da ne fa wannan! Mu saka kawai!"

Baffa ya ce, "Kai, uwarka ce ke riƙe da madubi. Zo ka gaya mata da bakinka."

Baffa ya ɗauki filafilinsa. "Yaya, kin cuce ni."

"Ka gai da matsattsaku."

Ya tuƙa ya koma, wannan karon gabansa yana inda ya nufa. Muka ji shi yana cewa a ajiye gora, a kawo igiya da ƙugiya, kan ganuwa za a ja ta.

Goggo ba ta ja abin da nisa ba. Da rana ta take, ta ɗaura wa gorar zanen, ta ce Uwa ta shirya. Daga nan muka wuce ƙofar ruwa gaba ɗayanmu. Wasu suka ɗora tukwane a kan ganuwa, aka yi miyar kifi mai tsami da yaji, sauran muka kama igiya tare da maza. Goggo ta shiga ruwa har ƙirji, Baffa ya yi ta yi mata faɗa ta fito, ta ce ba shi ya haife ta ba. Kwanaki muka yi muna wannan ja, ƙafafunmu duk jini saboda matsattsaku, tsibin kainuwa yana ruɓa yana wari a kan ganuwa.

Ba a tashi lafiya lau ba. Kafin inji ya samu hanya, gonakin kwari sun yi rawaya, ta Sawai ta fi shan wuya, kuma ya daɗe ba ya tsokanar Goggo, ko gaisuwa sai ta dole. Wata gunduwar kainuwa kuma ta tsinke mana, ta karya gora, ta danne gefen Tsohon Kogi na ƙasa. Goggo ta tsaya tana kallo har ta gama dannewa, sannan ta koma ta kama igiya.

Da sanyi ya shigo ruwa ya janye, Mai-dogon-wuya ta kwanta a taɓo, karanta dogo kamar igiyar guga, amma kowane kai ya lanƙwaso sama, ya nuna. Mata kaɗan suka zo da lauje, Chalaem tana ciki. Baffa bai zo ba. Na ɗauki kara guda na kai aji na manna a bango kusa da taswira. Ya tashi daga ƙasa ya wuce bakin teku, ya wuce Ayutthaya, ya wuce duwatsun arewa, ya kai rufi, sai da na lanƙwasa shi.

Tukunya ɗaya kawai Goggo ta dafa. Da safe Kaka ya fito zagayen karɓar abinci ba takalmi, ta durƙusa ta zuba masa a ƙwarya. Daga baya ya aiko a gaya mata shinkafar ta yi ƙamshi, amma ba a yi ta don mai dasashi ba. Ragowar tukunyar ta aika wa Sawai da soyayyen kifi. Kwanon ya dawo a wanke, ba saƙo.

Sauran duk iri ne. Ta raba shi uku, ta ce ba za ta ƙara tara shi a wuri guda ba. Tulu a gidanta, tulu a gidana, na uku kuma ta sa muka ɗauka da Chalaem muka kai rumbun Baffa yana wajen taro.

Da yamma sai ga shi. Ina gidan Goggo ina taya ta tsince tsakuwa a faifai. Ya tsaya a gindin tsani bai hawo ba.

"Yaya, na ga tulu a rumbuna."

"Na Chalaem ne."

"Ƙofa dai baɗi ma a rufe take."

"Rufe abarka."

"Kuma kainuwa za ta sake taruwa."

"Ita ma Uwa za ta sake yin ciki."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai ya buɗe tafinsa, ashe ya ɗebo ƴan ƙwayoyi daga tulun. Ya jefa ɗaya a baki ya gartsa, ya saurari ƙarar.

"Bai gama bushewa ba," in ji shi. "Gobe zan sa a ƙara shanya shi. Kuma ba ku sa ganyen darbejiya ba, so kuke ƙwaro ya cinye?"

Goggo ta miƙo min faifan, ta nemi takalmanta, ta ce bari ta leƙa haikali kafin rana ta faɗi, ta ga kamar ɓaunar nan tana ɗingishi da ƙafar baya, kuma damina ba ta da nisa.